Wane A'a Ke Nan?

Litinin, da hantsi

Sakamakon gwajin Turanci ya fito. Mai ɗakina ta ci karatu, ta ci rubutu, ta faɗi a hira. A dokar cibiyar da ke yin gwajin, wanda ya faɗi ɗaya bai ci komai ba. Babu shaidar Turanci, babu izinin zuwa jinya. Auta tana can, uwarta tana nan.

Saƙon ya shigo wayarta tana kan keken ɗinki. Ta miƙo mini ta ce, "Edita, duba mana." Edita take ce mini in tana tsokanata, ko in tana jin tsoro. Na karanta mata. Ta ce, "To." Ta mayar da ƙafa kan keke.

Ban yi fushi ba. Abin da ya faru nake rubutawa.

Litinin, bayan la'asar

Bari in tsara maganar yadda nake sa sababbin 'yan rahoto su tsara, lokacin da muke da jarida: wa, me, ina, don me.

'Yarmu Auta tana aure a ƙasar da asibiti da kasuwa duk Turanci suke ji. Can ta yi karatu tun tana budurwa, can ta zauna. Ba ta da lafiya. Mijinta yana aiki, 'yarsu ba ta isa ta ɗaura wa kanta takalmi ba. Auta ta ce uwarta take so. Ƙasar ta ce uwa tana iya zuwa ta zauna jinya, da sharaɗin ta iya karanta takardar magani, ta rubuta ɗan saƙo, ta yi hirar yau da kullum. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina gyara wa mutane Turanci da jan biro, ba ni ake nema ba. Ba ni zan yi mata wanka ba.

Mai ɗakina ta bar makaranta da wuri, allura ta riƙe ta. Tun da aka fara wannan magana take karatu: kwalin magani, bayan kwalbar man gashi, allon kan titi, duk abin da ke da baƙi sai ta tsaya ta haɗa shi. Ta ci karatu. Ta ci rubutu, macen da hannunta ya fi sabawa da alli da almakashi. Sai hira, abin da ba wanda ya kai ta a layin nan, wai a nan ta faɗi.

Na tambaye ta me ya faru a ɗakin gwajin. Ta ce gobe.

Talata, da safe

Ta faɗa mini tana yanka yadi, ba ta ɗago kai ba.

Ɗaki ne ƙarami, tebur da kujeru, na'urar ɗaukar murya a tsakiya. Mai gwajin saurayi ne, da kati rataye a wuya. Sun gaisa lafiya lau. Ya tambayi sana'arta, ta ba shi labarin ɗinki har ya yi murmushi. Sai ya ce mata da Turanci, "Ba a mota kika zo ba, ko?" A ƙafa ta ƙarasa saboda cunkoso. Ta ce, "Yes."

Ya ce, "Wato a mota kika zo."

Ta ce, "No."

"Ba a mota ba ke nan?"

"Yes."

Ya dube ta, ya dubi na'urar. Ya rage murya yadda ake yi wa ƙaramin yaro, ya ce, "Ba ki gane tambayar ba?" Ta gane sarai. Don haka ta ce, "No." Ya yi ɗan rubutu a takardarsa, ya wuce maganar cefane.

Ta ce da ni, "Duk gaskiya na faɗa masa, Malam. Ko sau ɗaya ban yi ƙarya ba."

Haka ne. A wurinmu in aka ce maka, "Ba ka zo ba?" kuma ba ka zo ɗin ba, e za ka ce, don mutumin ya faɗi daidai. Mu maganar mai tambaya muke amsawa. Bature ba ruwansa da mai tambaya, abin da ya faru yake amsawa: in ba ka zo ba, a'a ne, ko ta wace fuska aka ɗauko tambayar. Da bakinta ta ce masa ba ta gane ba, alhali cewa take ta gane.

Na ɗauko littafin shirin gwajin da suka ba mu, na bi shi shafi-shafi. Akwai yadda ake tambayar hanyar tashar jirgin ƙasa. Akwai sunayen dabbobin gida, har da zomo. Wannan babu. Makonni na yi ina fama da ita a kan fa da pa, kada ta je neman fanka a miƙo mata kaskon suya. Ko a jikin mai gwajin.

Ban yi fushi ba.

Laraba, bayan azahar

Na je cibiyar. Bene ne a saman shagon waya da ɗakin mai cire haƙori, don haka kana hawa kana jin ƙarar injinsa. Kujerun roba a jere, an ɗaure su da juna kamar za a sace. A bango an manna babban allo mai alkawarin Turanci na gari, da kuskuren rubutu a layi na biyu. Na nuna wa yarinyar da ke teburin gaba. Ta ce ba ita ta buga ba.

"Ina son ganin wanda ya yi wa matata gwaji."

"Baba, ba a ganin masu gwaji."

"To a sa mini muryar da aka ɗauka in saurara."

"Ba a sauraro."

"Don me ake ɗauka?"

"Don a ajiye."

Ko dariya ba ta yi ba. Ta ce in ina da ƙorafi in rubuta. Ta ce ana iya sake hirar ita kaɗai, sau ɗaya tak, kuma akwai gurbi wata Alhamis nan da kusan mako uku. In aka sake faɗuwa, sai a dawo a yi duka ukun daga farko, bayan wata shida.

Na ce, "Wata shida."

Ta ce, "E, Baba, ai ba nisa."

Na karɓi ranar. A kan matakala na tsaya na ɗan jima, har mai cire haƙori ya leƙo ya tambaye ni ko wurinsa na zo.

Ba nisa.

Alhamis, gab da magariba

Mijin Auta ya kira. Na fita ƙofar gida na amsa.

Juma'a, da yamma

Mai Hoto ya zo. Tare muka yi aikin jarida, shi da kyamara ni da biro. Da aka rufe ta ya kafa rumfar hoton fasfo a gindin benen cibiyar, don ya ce duk mai hawa can sai an nemi fuskarsa.

Na ba shi labari muna shan shayi. Ya juya wurin mai ɗakina ya ce, "Yaya, ba ki zuba mini sukari ba?"

Ta ce, "E."

"E kin zuba, ko e ba ki zuba ba? Ki yi a hankali, ina ɗaukar murya."

Ta jefe shi da gutsuren yadi. Dariyarta ta farko ke nan tun Litinin.

Ya ce rabin masu saukowa daga benen nan da jajayen idanu, a wannan ramin suke faɗawa, yana ganinsu kullum. Ya ce in rubuta sharhi mai zafi irin na da. Na ce a buga a ina, a bayan hoton fasfo?

Da zai tafi ya tambayi jikin Auta, 'yarsa kamar yadda yake ce mata. Mai ɗakina ta ce, "Alhamdu lillahi, tana samun sauƙi." Ya dube ni. Na duba kofina.

Asabar, da safe

Mun fara. Na kafa doka ɗaya: kada ta sake amsa tambaya da kalma guda. Ta faɗi abin da ya faru dungurungum, in bai faru ba ta fara da a'a. Ina zaune a kan buhun gutsuren yadi ina jefa mata tambayoyi, tana taka keke.

"Ba ki share ɗaki ba?"

"Yes."

"No."

"To ban share ba ɗin!"

"Shi ya sa za ki ce no."

Ta tsayar da keke. "Tsaya, Edita. Mutum ya faɗi gaskiya, ni kuma in buɗe baki in ce masa a'a? Wannan ai rashin tarbiyya ne."

Na ce ba tarbiyya ake gwadawa ba. Ta ce ta gani.

Lahadi, bayan la'asar

Ranar kiran Auta. Ta daɗe da daina kunna kyamara, wai layin can ba shi da ƙarfi. Uwarta ta sa wayar a kan teburin yanka, ta buɗe murya don in ji.

Auta ba ta da doguwar magana yanzu. Da ma Hausarta ta ɗan karkace, zaman can ya lanƙwasa ta. Da nakan gyara mata har ta ce, "Abba, waya na kira, ba makaranta ba." Yanzu ba na gyarawa.

"Ba ki ci abinci ba, ko?"

"A'a, Umma."

"Madalla. Ki daure ki riƙa ci. Barci fa, ba kya samu?"

"A'a."

"To alhamdu lillahi. Har yanzu ba ki ji sauƙin ƙafar ba?"

"A'a, Umma."

"Kin gani? Na ce miki a hankali zai tafi."

Ta ba ta labarin rigunan da take ɗinka mata, dogaye masu faɗin hannu, a kan awon da ta yi mata zuwanta na ƙarshe. Auta ta ce sun yi kyau, ko da yake ba ta gani ba.

Na tashi na je duba famfon banɗaki. Ba abin da ya same shi.

Litinin, da hantsi

Na rubuta ƙorafin. Shafi ɗaya, babu zagi, babu roƙo. Na bayyana yadda harsuna da dama suke amsa tambayar korewa, ba namu kaɗai ba. Na ce amsoshinta huɗu duk sun bi ƙa'ida ɗaya, kuma wanda bai gane tambaya ba ba ya yin kuskure a tsare. Na nemi wani mai gwajin ya saurari muryar da aka ajiye, tun da don a ajiye aka ɗauka. Na cire wannan jimlar ta ƙarshe. Na mayar da ita.

Talata, da yamma

Yes ɗin yana nan daram.

Laraba, bayan azahar

Amsa ta zo. Sun gode da na tuntuɓe su. Ra'ayina yana da muhimmanci a wurinsu. Hukuncin mai gwaji shi ne na ƙarshe. Babu suna a ƙasa, sai "Sashen Kula da Masu Hulɗa". Ko kalma ɗaya a kan tambayar korewa babu. Ba mutum ne ya karanta takardata ba, in kuwa mutum ne, to ya kamata a yi masa gwajin karatu.

Na kai wa mai buga takardu ya fitar mini da ita, na dawo gida na bi ta da jan biro: waƙafi inda ba ya da aiki, aikatau da bai dace da mai aikinsa ba, da kalma guda da ba ta cikin kowane ƙamus da na mallaka. Sai da na gama na ga ba ni da wanda zan miƙa wa.

Mai ɗakina ta ce, "An ci?" Na ce ban gane ba. Ta ce, "Su. Ka ba su maki nawa?"

Alhamis, gab da magariba

Na yi mata tsawa.

Sau biyar a jere ta amsa daidai, a na shida yes ya dawo. Na buga littafin a kan teburin yanka har kwalbar allurai ta kife. Na ce kalma biyu ce, kalma biyu kacal, yaron firamare ya san su. Na ce wasu abubuwan kuma.

Ta durƙusa tana tsince alluran ɗaya bayan ɗaya da maganaɗisu. Ta ce, "Ni ba 'yar rahotonka ba ce. Kai kana da baki biyu, kana canzawa kamar riga. Ni wannan ɗayan aka ba ni, da shi na yi maka magana tun ranar da aka kawo ni gidan nan, ba ka taɓa cewa ba ka gane ba."

Na ce lokaci ne ba mu da shi.

Ta ɗago. "Wane lokaci? In na faɗi in sake. Wata shida ne, yarinya tana samun sauƙi. Kai me ke korarka?"

Na ce zan je masallaci.

Juma'a

Ba ta yi mini magana ba. Abinci yana kan tebur a rufe.

Asabar, da hantsi

Na dawo daga sayen zare, na tsaya a baranda don na ji murya. Ita kaɗai ce a ɗaki. Tana yi wa kanta tambaya da wata siririyar murya ta hanci, wai muryar mai gwaji, sai ta amsa da tata.

"Ba ki goge rigar ba?" Keke ya yi taku kaɗan. "No. I did not." Sai da Hausa, ƙasa-ƙasa, "Allah Ya shirye ku."

Na koma ƙofar gida na yi gyaran murya, sannan na shigo.

Lahadi, bayan la'asar

Auta ta kira. A'a, a'a, a'a. Uwarta ta yi ta hamdala. Jikata ta karɓi wayar ta yi mini waƙar makaranta, na ce amaryata ta iya waƙa, ba ta gane ba sai da ubanta ya fassara.

Litinin, da yamma

Na gamu da mai gwajin. Mai Hoto ne ya nuna mini shi yana saukowa daga bene, ya cire katin wuyansa yana nannaɗe igiyar a yatsa. Na tare shi a bakin matakala. Na fara da Turanci, irin wanda nake ajiyewa don manyan baƙi. Ya saurara har na kai aya, sai ya russuna ya ce, "Baba, ina wuni."

Da Hausa. Tsantsa.

Na ce, "Wato ka san abin da take nufi."

"Na sani, Baba. Ni ma a gida haka nake amsa wa mahaifiyata."

"Ka sani, ka kayar da ita."

Ya ce bai kamata ya yi maganar gwajin kowa ba. Sannan ya yi. Ya ce, "Jinya aka ce za ta. Nas za ta shigo a gaggauce ta ce, ba ta sha maganin safe ba, ko? Mama ta ce yes. Nas ta rubuta an sha, ta wuce. Ko a ce, ba ta jin zafi a nan? Baba, a can babu ni a ɗakin."

Na ce me ya hana su sa wannan a littafinsu. Ya ce ba shi ya rubuta littafin ba. A wannan benen ba wanda ya rubuta komai, ba wanda ya buga komai.

Ya fi ni gaskiya. Na juya maganar ta kowace fuska a hanyar gida, ban sami inda zan sa mata jan biro ba. Yau na yi fushi.

Talata, gab da magariba

Mijin Auta ya kira. Na fita ƙofar gida. Ya sake tuna mini maganar rigunan, cewa in gaya wa Umma ta rage su sosai. Na ce zan gaya mata.

Ta gama ta uku yau, mai ruwan toka. Ta ɗaga ta a gaban taga ta ce, "Wannan za ta cika ta da kyau."

Alhamis, da safe

Ta iya.

Na gaya mata maganar nas, ban ce daga wa na ji ba. Ta ce, "To wannan magana ce. Me ya hana ka faɗa tun farko, kake ta buga littafi?" Daga nan kamar an buɗe famfo. Na jefa mata tambayoyi ta gaba, ta baya, da tarko a ciki, ba ta faɗa ko ɗaya ba. Ta ce dabarar ita ce ta toshe kunne daga mutumin, ta dubi abin kawai. An yi ko ba a yi ba. Har ta fara yi mini nawa: "Edita, ba ka gyara ƙofar kicin ba?" Na ce no. Ta ce, "Ka ci. Ƙofa kuma tana nan a karye."

Muna cikin dariya ta tsaya. Ta ɗora hannu a kan rigar mai ruwan toka, ta daɗe tana shafa ta.

"Malam."

"Na'am."

"Ita Auta, in na yi mata tambaya, da wane kai take amsa mini?"

Na ce da Hausa mana.

"Baki Hausa ne. Tunaninta nake tambaya. In na ce mata ba ki ci abinci ba, ta ce a'a. Ba ki ji sauƙi ba, ta ce a'a. Wane a'a ke nan? Namu ko nasu?"

Na ce ban sani ba.

Ta ce, "Ba ka sani ba?"

Na buɗe baki. Na rasa wacce zan ɗauka, e ko a'a.

Ta dube ni yadda take duban yadin da aka yanka ba daidai ba. Ta ce, "Fitar da kake yi ƙofar gida da waya." Ba tambaya ba ce, don haka ban amsa ba.

Alhamis, bayan azahar

Ba ta jira Lahadi ba. Ta kira. Wannan karon babu "ba" a tambayoyinta ko ɗaya.

"Kin ci abinci yau?"

"A'a, Umma."

"Jiya fa?"

"Kaɗan."

"Kina iya tashi da kanki?"

Shiru.

"Auta, kunna mini kyamara."

"Umma, layin..."

"Layin lafiyarsa ƙalau. Ni na haife ki. Kunna."

Ta kunna.

Ba zan rubuta ba.

Juma'a, da safe

Ta kira mijin Auta da kanta, ta rufe ƙofa. Na ji "ɗan nan" sau da yawa, da farko da ƙarfi, daga baya a hankali.

Da ta fito ta ce da ni, "Ku biyu kun zauna kun yanke abin da zan iya ɗauka. Yarinya tana gaya mini gaskiya kowace Lahadi, ni ina ce mata madalla. Tana cewa ba ta ci ba, uwarta tana cewa madalla. Kana zaune kana ji, kai da ka san harshen biyu."

Na ce na ɗauka in ta sani, gwajin zai gagare ta.

Ta ce, "Ai ya gagare ni ban sani ba ɗin."

Asabar

Tun safe take farke rigunan da reza. Ba ta yi sabon awo ba, da ido ta rage. Ta rage da yawa. Sannan ta buɗe akwatin da ta fara shiryawa, ta fitar da matajin kitso da man gashi, ta sa ɗankwalaye masu laushi a wurinsu.

Na ce ko in taimaka da warware zare. Ta ce in yi mata tambayoyi, abin da na iya ke nan.

Lahadi, bayan la'asar

Sun yi magana su biyu. Ba a buɗe murya ba.

Talata, da yamma

Ba ta kuskure ko ɗaya yanzu. Ba ta dariya kuma. Amsa take yi kamar mai datse zare da haƙori.

Ina ta tunanin wanda zan yi wa fushi. Cibiyar tana da allonta mai kuskure. Saurayin yana da gaskiyarsa. Ƙasar tana da dokarta. Harshen da na yi wa hidima tun ina saurayi, na haddace waƙoƙinsa, na kare waƙafinsa kamar gadon ubana, shi ne ya tsaya a ƙofa tsakanin mace da 'yarta a kan kalma mai harafi biyu. Shi ne kuma ya gaya mata abin da ni na kasa gaya mata. Ban san ta ina zan kama shi ba.

Alhamis, bayan azahar

Ta ce kada in hau bene. Na zauna a rumfar Mai Hoto, yana ta ɗaukar fuskokin mutane yana ce musu kada su yi murmushi. Ba wanda yake da niyyar yi.

Da ta sauko ba ta tsaya ba, sai da na bi ta. Mun wuce shagon waya, mun wuce mai faci, sannan ta yi magana.

Saurayin nan ne dai. Ta ce ya gaishe ta kamar bai taɓa ganinta ba, ita ma haka. Ya kafa mata tarkon mota, ta tsallake. Ya kafa na ruwan sama, ta tsallake. Sai ya tambaye ta dalilin tafiyarta. Ta ce 'yarta ba ta da lafiya. Ya ce, irin na ladabi, "Ba dai mai tsanani ba ne, ko?"

Ta ce, "Bakina ya ɗauko a'a, irin namu. A'a, mai tsanani ne. Na kama shi a kan leɓe na mayar. Na toshe kunne daga yaron, na dubi abin."

"Me kika ce?"

"Yes. It is."

Ta ce ya ajiye biro, na'urar tana ta ɗauka. Sannan ya tambaye ta wane launi ta fi so.

Mun ƙarasa gida a ƙafa. Akwai motoci, ba ta so.

Asabar

Na gyara ƙofar kicin.

Lahadi, bayan la'asar

Auta ba ta iya kira ba. Mijinta ya kira. Na amsa a cikin ɗaki, na buɗe murya. Ya ce an mayar da ita asibiti, kuma tana tambaya ko Umma ta ci. Mai ɗakina ta matso da bakinta kusa da wayar ta ce, "Ka ce mata ina hanya."

Litinin, da hantsi

Akwatin yana bakin ƙofa, rigunan a sama. Wayarta tana kan keken ɗinki, ta jona ta da caji tun asuba ko da yake a cike take.

Mai Hoto ya kira. Ya ce yarinyar teburin gaba ta sauko sayen ruwa, ya tare ta, ta ce ta ga sunan Mama a cikin waɗanda suka ci, amma kada a ce ita ta faɗa. Saƙon cibiya bai shigo ba tukuna.